Akuyar da Inna Ta Aike Ni da Ita Birnin Gwari

Tun da na dawo daga hutu, babu ranar da wani a gidan rediyo bai tare ni a baranda ya nemi labarin Birnin Gwari ba. Wasu sun ji an ce giwa ta kore ni. Wasu sun ji an ce an gan ni a tashar mota ina jayayya a kan akuya. Na farkon ba gaskiya ba ne, domin ban ga giwa ba, kashinta kawai na gani. Na biyun gaskiya ne. Tun da yake aikina shi ne karanta labari yadda ya faru, na ga gara in rubuta wannan sau ɗaya, kowa ya karanta, in huta da maimaitawa.

Kawu Ɗanjuma yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A da malamin dabbobi ne, irin waɗanda ke bin rugage suna yi wa shanu allura. A zamanin siyasa aka ƙulla masa sharri, aka ce yana sayar da maganin da aka ba shi amana. Waɗanda suka tsaya gaban alƙali suka ba da shaida a kansa abokan cin tuwonsa ne. Daga baya gaskiya ta fito, aka wanke shi, aka ce ya koma bakin aikinsa. Bai koma ba. Matarsa ta riga ta rasu, ba su da ɗa, sai ya tattara 'yan kayansa ya tafi bakin dajin Kamuku, inda ya taɓa yin aiki yana saurayi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, duk zaman shari'ar nan babu ko mutum ɗaya daga danginmu da ya leƙa. Mahaifina ne ya hana Inna zuwa, don yana tsoron abin ya shafi aikinsa. An fi shekara goma ba a ga Kawu a Zariya ba. Bara mahaifina ya rasu, bai zo gaisuwa ba.

Da na je gida hutu, na tarar yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Tana gane mutum da murya kafin ta gane shi da fuska. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Wata safiya ina zaune a tsakar gida, ta juya wajen turmi, kamar da shi take magana, ta ce, “A ce wa mutumin Kaduna, in hutunsa yana da saura, ga akuya can a turke. A kai wa Yaya. A ce kiwo na ba shi.”

Na ce, “Inna, sai me kuma zan ce masa?”

“Shi ke nan.”

“Ba za a ce ya zo a gan shi ba?”

“An ce kiwo,” in ji ta. Can kuma ta ƙara da cewa, “Kada a bari a jefa ta mota kamar buhu.”

Ga waɗanda suka tashi a bariki, kiwo shi ne mai akuya ta damƙa wa wani akuyarta ya riƙe, su riƙa raba abin da ta haifa. A gidanmu akwai ƙari a kan haka. Mai kiwo ba ya aike. In akuya ta yi haihuwar fari a hannunsa, da ƙafarsa yake kai ɗan har ƙofar mai ita, ta gani, ta sa albarka. Na fahimci dabarar Inna, amma a raina na raina ta. Ni da nake cin abinci da magana, na tabbata in na zauna da Kawu na jera masa hujjoji zai sauko. Tun a mota na fara tsara jawabina.

Akuyar kuwa ba abin nunawa ba ce. Ja ce, 'yar ƙarama, ba ta da ƙiba, da farin zane da ya zagaye tsakiyarta kamar ɗamara, ƙahonta na hagu a karkace. Ta kwana a bayan ɗakina a Kaduna, ta cinye wa maƙwabcina shukar tumatir, muka yi sammako tasha kafin ya farka ya gani.

Motar da ta yarda ta ɗauke mu babbar mota ce ta katako mai zuwa kudu, direbanta wani dogon mutum da ake kira Mamman. A nan aka yi jayayyar da kuka ji labari. Mamman ya ce akuya kaya ce, a ɗaure ta a sama tare da buhunan albasa. Na ce fasinja ce, a ƙasa za ta zauna.

“Malam, fasinja yana da ƙafa biyu.”

“Kaya kuma ba ya numfashi,” na ce.

“To, in fasinja ce, ka gaya mata ba a fitsari a motata.”

Aka yi dariya, aka bar ta tsakanin gwiwoyina. Kafin mu wuce Mando ta karya dokar.

Ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba, kuma hannun Mamman bai gama yarda da sabuwar doka ba. Muddin yana shiru, motar tana dama. Da ya shiga hira, sai ta fara zamewa hagu a hankali, har sai mun haɗa baki daga baya mun yi ihu, “Dama, direba, dama!” Sai ya fizgo ta yana cewa shi tun kafin a haife mu yake bin hagu, bai taɓa kashe ko kaza ba. Wani tsoho mai sayar da tabarmi da ke kusa da ni ya sa wa kansa aikin hana kowa yi wa direba magana. Yana cikin wannan aiki akuyar ta cinye gefen malafarsa. Ya dubi malafar, ya dube ni, ya ce, “Ɗana, wannan fasinjar taka ba a ba ta karin kumallo ba ne?” A Buruku na saya masa soyayyar doya da yaji, muka shirya.

Gaba da nan akwai shingen masu duba dabbobi. Malamin da ke wurin ya hau motar, ya buɗe bakin akuyar, ya duba kofatanta, sannan ya tsaya yana kallona.

“Daga ina zuwa ina?”

“Daga Zariya zuwa Birnin Gwari.”

“Tun da aka ajiye ni a nan,” in ji shi, “dabbobi daga daji suke fitowa su nufi birni. Yau na ga wadda ta baro birni ta nufi daji. Laifin me ta yi?” Kafin in amsa ya karkata kai. “Tsaya. Sake magana.”

Na sake.

“Wallahi kai ne mai labarun yamma! Ashe haka kake? Ni na ɗauka wani ƙato ne mai saje.”

Na saba da wannan, domin duk wanda ya san ni ta rediyo, in ya gan ni sai ya ji kamar an rage masa wani abu. Da na gaya masa wajen wanda za ni, ya ce, “Likitan Awaki? To, in ka je, jakinsa za ka fara yi wa sallama. Ya fi shi saurin amsawa.”

Mun shiga Birnin Gwari da la'asar sakaliya. Mamman ya haɗa ni da wani Malam Iro, dillalin dabbobi, wanda ke saukar da baƙi a zaurensa kusa da tasha. Ya karɓe ni hannu biyu. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda aka zuba wa busasshen kifi ba tare da rowa ba, da safe kuma kunu da zuma. A Zariya zuma magani ce, da cokali ake ba mara lafiya. A can kuwa a kwano ake turo maka ita.

Muna shan kunun ne Malam Iro ya zagaya akuyar da ke ɗaure a gindin ɗorawa, ya tsuke baki.

“Malam, kada ka ji haushina. Wannan za ka kai wa babban mutum, tun daga birnin Zazzau? Mutanen ƙauye za su taru su ga abin da dangin Likita suka aiko bayan shekara da shekaru. Su ga wannan?”

Ya jawo wata daga garkensa, doguwa, baƙa wuluk, gashinta yana sheƙi. Ya ce in cika masa ɗan abin da ya sawwaƙa, mu yi musaya.

Ga yadda na auna abin, don kada a ce ban yi tunani ba. Inna ba ta gani sosai, mai yiwuwa ba ta san akuyar ta lalace ba. Manufar kiwo haihuwa ce, kuma babbar akuya ta fi ƙarama. Sannan mutumin da yake ganin dangi sun wulakanta shi, bai kamata a je masa da abin da zai zama wulakanci na biyu ba. Hujja uku, kowace da ƙafarta. Na yi musayar. Ina jan baƙar akuya zan fita, jar ta bi ni da kuka har igiya ta tsayar da ita. Na ji, amma na ɗauka kukan akuya ne kawai.

Babu mota zuwa inda Kawu yake. Ƙauye ne a kan hanyar Kakangi, tafiyar rabin yini a ƙasa. Malam Iro ya haɗa ni da wata maƙwabciyar Kawu mai suna Saratu, Bagwariya, Kirista, wadda ta kawo niƙa gari za ta koma. Za ta yi sa'ar Inna. Ta ɗora buhun garin a cikin ƙwarya, ta aza a kafaɗa ta bayan wuya, ba a ka ba. Na tambaye ta dalili, tun da a wajenmu ko 'yar tallan gyaɗa a ka take ɗauka.

“Kai yana da nasa aiki,” in ji ta. “Shi ke tunani, shi ke gani, shi ke ji. Kuma a ɗora masa buhu? Ku Hausawa ba ku tausayin kanku.”

Na nemi in taimaka mata da kayan. Ta dubi takalmina na ofis, ta ce in ji da akuyata.

A hanya na tambaye ta ko gaskiya ne Kawu ba ya son mutane.

“Haka yake faɗi. Ba ya zuwa biki, ba ya zuwa kasuwa. Rabonsa da gari tun kafin yaƙi. In ka gaishe shi, akuya yake gaya wa amsa.” Ta gyara ƙwaryar. “Amma ka tambaye shi awakin da ke garkensa na wane ne. Uku nawa ne. Akwai na matar liman, akwai na matar fasto. Duk macen da ke ƙauyenmu tana da kiwo a wurinsa. In sun haihu, shi da kansa yake kawo ɗan ƙofar gida. A wajenmu ba a san wannan al'ada ba, shi ya zo da ita. Ya tsaya a waje, ya ce wa ɗan akuyar, ‘Ga gidanku nan, shiga.’ Mu kuma mu ba ɗan akuyar tuwo ya kai wa mai rakiya.”

Bukkar Kawu tana bayan ƙauyen, inda gonaki suka ƙare, itatuwan doka suka fara. Akwai garke mai tsabta, da zabi, da kare, da amyar zuma a kan itatuwa, da wata gada mai ɗingishi da ke kiwo cikin awaki kamar 'yar gida. Ga jaki a ƙofa. Na yi sallama, kuma kamar yadda malamin shinge ya faɗa, jakin ne ya fara ɗaga kai.

Kawu ya fito. Ya tsufa, amma a miƙe yake. Ya amsa sallamar yadda addini ya ce, bai ƙara ko kalma ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen jakin.

“Shaida, wannan ɗan ƙanwata Hajara ne. Goshin ubansa, muryar kakansa. Ka ce masa ya zauna.”

Na durƙusa na gaishe shi. Ya kawo ruwa da zuma. Na tambayi dalilin sunan jakin.

“Shi kaɗai ne shaidar da ban taɓa kamawa da ƙarya ba,” in ji Kawu. Wannan karon ni ya gaya wa. “In zai yi harbi, sai ya kwantar da kunne tukuna, ka gani, ka kauce. Kare in ba ya sonka, tun daga nesa zai faɗa maka. Gwaggon biri yana satar mini masara, amma bai taɓa zuwa da safe ya taya ni jajen ɓarnar ba. Wanda ya fara ba da shaida a kaina, a ranar da safe tare muka karya, har ya ce in ƙara ƙosai.”

Ban yi masa musu ba, domin ban ga ƙarya a maganar ba. Ni ma ina aiki a inda mutum zai yaba karatunka a baranda, ya shiga ofis ya ce muryarka ta fara gajiya. Zama a garken nan yana da wani sauƙi da ban san na rasa shi ba sai da na same shi: babu wanda kake buƙatar ka fassara fuskarsa.

Duk da haka na ɗauko jawabina. Na yi maganar zumunci, na yi maganar shekaru, na yi maganar idon Inna. An sha gaya mini na iya jera magana, kuma ranar na jera ta da kyau. Kawu ya saurara har ƙarshe yana cire wa kare kaska. Da na gama ya ce wa karen, “Ya iya karatu.”

Sai na jawo baƙar akuya. “Inna ta ce a kawo maka wannan. Ta ce kiwo ta ba ka.”

Ya dube ta sau ɗaya. “Wannan ta garken Iro ce. Ni na ɗora mata ƙafa bara da ya aiko mini da ita nan, ga tabon nan.” Ya juya mini baya. “Shaida, ka ce masa ya gaishe da mutanen Zariya. Sun aiko a saya mini akuya a tasha, na gode.”

Muryarsa ba ta tashi ba, amma na ga abin da na yi. Mutumin da ya bar gari saboda an yi masa ƙarya, na yi tafiyar nan duka na kawo masa wata. Na ce, “Kawu, Inna ba ta san wannan ba. Wata ta ba ni. Ni na musanya ta yau da safe, don na ga ba ta kai a kawo maka ba.”

Bai juyo ba. “Wace iri ce?”

“Ja, 'yar ƙarama. Tana da farin zane a tsakiya kamar ɗamara. Ƙahon hagu a karkace.”

Ya tsaya cik. Saratu, wadda ta dawo da ƙwaryar dafaffiyar doya, ta ajiye ta a hankali.

“Mai Ɗamara,” in ji Kawu. “Sunan akuyar tsohuwarmu ke nan. Da za a kai Hajara ɗaki, ni na ja 'yar akuyar nan har ƙofar gidan ubanka, na ce ga abin da za ta riƙa tunawa da gida.” Ya juyo. “Kana nufin har yau irin nan yana hannunta?”

“Tun ina yaro ban taɓa ganin turkenmu babu mai irin zanen ba. Ban taɓa tambaya ba.”

“Kuma ba ta gaya maka ba.”

“Kawu, ni ɗan fari ne.”

Ya yi wani ɗan sauti da ya kusa zama dariya. Sai Saratu ta ce, “Likita, gobe kasuwa. Ƙananan awaki irin wannan, Iro mahauta yake ba wa tun da safe.”

Na ce zan koma yanzu. Kawu ya dubi rana, ya dubi ƙafafuna da suka riga suka yi kanta, ya ce ko na kai, Iro zai juya ni kamar waina, in dawo da akuya ta uku. Muka ci doyar Saratu da man kaɗe da barkono, muka kwanta da wuri.

Da muka idar da sallar asuba na ga ya ɗaura wa Shaida akumari, ya sa wata tsohuwar riga mai aska biyu wadda ninkinta ya nuna ta daɗe a adaka. Ya ce wa jakin, “Gari za mu. Ba don kowa ba, don 'yar uwarka.”

Ya bi da mu ta wata 'yar hanya da ta yanke ta gefen daji. Ni ya ɗora a jakin, shi yana gaba da sanda, baƙar akuya tana biye. A nan ne na ga kashin giwa, tuli guda a tsakiyar hanya, har yanzu da ɗumi. Kawu ya ce ta wuce ba da daɗewa ba, kuma ba ruwanta da mu. Ni dai na ƙi yarda da ba ruwanta, na dunguri jakin da dunduniya don ya ƙara sauri. Ya kwantar da kunne. Na gani sarai, ban dai san abin da zan yi da sanarwar ba. Da na tashi daga ƙasa ina kakkaɓe riga, Kawu ya ce, “Ai ya faɗa maka.”

Hantsi ya yi kafin mu shiga kasuwa. Tun daga bakinta na lura tafiyar Kawu ta canza, ya sunkuyar da kai, ya riƙe igiyar jakin kamar ita ke riƙe da shi. Wani Bafulatani ne ya fara ganinsa. Ya saki sandarsa ya taho da sauri yana cewa, “Likita! Likita ne a gari?” Ya kama hannunsa da hannu biyu, yana ba shi labarin wata saniya da ya ceta, wadda yanzu jikokinta sun cika ruga. Kafin mu kai layin mahauta mutane sun kewaye mu. Mai gishiri ta ƙulla masa gishiri, wani ya tura masa rake, wata tsohuwa tana ta faɗa wai shekara nawa tana aika masa gaisuwa ta bakin Saratu, ko sau ɗaya bai amsa ba. Kawu yana ta cewa, “Madalla, madalla,” yana duban jakinsa, amma a cikin hayaniyar nan babu halin a bi ta kan jaki. Dole ya amsa da bakinsa.

Malam Iro ya gan mu ya sha jinin jikinsa. Ya ce ai tun da sassafe ya ba Tanko mahauci jar akuyar. Muka same ta a bayan rumfar Tanko, ɗaure da wasu biyu, an riga an yanka na gabanta. Tana ganina ta yi irin kukan jiya.

Tanko ƙato ne mai fara'a, wuƙa a hannu. “Likita, in nama kake so, ka zaɓi cinya. Amma wannan na riga na saya.”

Kawu ya matsa kusa da akuyar. Ya durƙusa, ya shafa farin zanen da yatsa tun daga baya har ciki, ya taɓa karkataccen ƙahon. Sannan ya sa tafin hannu a gefen cikinta, ya danna a hankali, ya yi shiru kamar mai sauraro.

“Tanko, kawo hannunka.”

Tanko ya goge hannu a riga, ya sa inda aka nuna masa. Fuskarsa ta canza. “Subhanallahi. Ciki gare ta?”

“Ƙarami ne, amma yana nan.”

“Allah ya kiyaye ni da yanka biyu a wuƙa ɗaya.” Ya kwance igiyar da kansa ya miƙa wa Kawu, sannan ya ɗaga murya. “Iro! Zo ka karɓi baƙarka, ni da kai ma yi magana!” Malam Iro ya zo yana rantsuwa bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Ya kawo mana fura don a wanke zuciya.

Sai a lokacin na gane abin da Inna take nufi da kada a jefa ta mota kamar buhu. Ta san abin da ta aiko. Ba ta ba shi shekara ya yi shawara ba, watanni kaɗan ta ba shi.

Muka zauna a gindin ɗorawar Malam Iro muna jiran motar Kaduna. Kawu yana ba akuyar ganye ɗaya bayan ɗaya. Ban sake ɗauko jawabina ba. Da motar ta tsaya, na durƙusa na yi masa sallama, na ce, “Kawu, me zan ce wa Inna?”

Bai dube ni ba. Akuyar ya kama wa kunne.

“Ke, uwar ɗakinki tun tana yarinya haka take, ba ta bar wa mutum hanyar gudu. To, na karɓa. In kin sauka lafiya, ma kai mata ɗan ta gani, tun idon yana gani. Ni rakiya kawai zan yi.” Ya miƙa mata wani ganyen. “Ki tambayi ɗan Hajara, motar Zariya tana ɗaukar fasinja mai ƙafa huɗu?”

Na ce tana ɗauka, in an yi jayayya.

Abokan aikina sun tambaye ni ko na dawo da ra'ayin Kawu, cewa zama da dabba ya fi zama da mutum. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne abin da na gani. A tafiyar nan dabba ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba, ni ne na yi niyyar yi. Na kuma ga garken da kowace akuya a cikinsa igiyarta tana komawa ƙofar wata mata, na ga kasuwa guda ta tashi tsaye don mutumin da ya ce ya gama da mutane.

Na sauka Zariya washegari da yamma. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa da yatsu, tun da ido ba ya taimaka mata. Na gaishe ta, ta amsa wa turmi.

“An kai?”

“An kai, Inna.”

“Ya karɓa?”

“Ya karɓa. Ya ce in ta haihu zai yi mata rakiya.”

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Na shiga ɗaki na kwanta da gajiya. Da safe ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Na leƙo, na tarar ta sa an fitar da tarkacen da ke ɗakin soro ana sharewa, ita kuma tana durƙushe a bakin ƙofarsa da dutse a hannu, tana laluben ƙasa, tana kafa sabon turke.